Rabin Dutsen da Kawu Ya Riƙe

Zuwa ga taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daidai yadda kika gaishe ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Kin tambayi lafiyata. Gwiwar hagu ta daina jin magana, jini yana hawa yana sauka yadda ya ga dama, sauran jikin kuma yana nan yana jiran lokacinsa.

Takardarki da ƙunshin duwatsun sun iso ta hannun wani direba, abokin Autanki. Ya same ni a ɗakin da nake haya a bayan shagon mai walda, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe-leƙe kamar wanda aka aiko ya ƙiyasta kayan ɗaki. In rahoto aka ce ya kai, bari in sauƙaƙa masa: katifa, tebur da bulo ke riƙe masa ƙafa guda, sai akwatin littattafai da gara ta riga ni sauke karatun ciki.

Tun rasuwar matata ban ga ƙeyar kowa a dangi ba, har da ke. Yau kuma ga doguwar takarda, an rubuta “Likitan Duwatsu” a samanta da manyan baƙaƙe. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bari in maimaita abin da na fahimta, kada gobe a ce ba haka aka faɗa ba. Ruwan bana ya yanke ƙasa a ƙarshen gonar kakanmu, ya buɗe kwazazzabo, dutse ya fito yana ƙyalli. Auta ya kawo wani mai injin haƙa, ya duba ya ce zinare ne. In za a haƙa, sai an sare mangwaro da lemon da kike ci da su. Tunda ba a taɓa raba gonar ba, ni ma ina da baki a ciki. To, wanne kuke nema a wurina, ilimina ko amincewata? Ki faɗa mini ɓaro-ɓaro.

Sai maganar duwatsun. Wa ya shafa musu mai? Na buɗe ƙunshin na tarar suna sheƙi, takardar da aka naɗe su ta jiƙe sharkaf. Dutsen da aka shafa wa mai, ko na murhu ne, sai ya yi kyau. A aikinmu, in aka kawo maka dutse da kwalliya, akwai abin da ake so idonka ya tsallake. Ba zan ce uffan a kansu ba.

In da gaske kike, ki ɗauki guduma ki je da ƙafarki. Ki fasa daga jikin dutsen, inda rana da ruwa ba su taɓa ba. Kada ki tsinci na ƙasa, kada ki karɓa daga hannun Auta, balle na mai injin. Ki naɗe kowanne daban, ki rubuta inda kika ciro shi.

Kada a kira ni a waya. Maganar waya iska ce, a rubuto.

Naki, in har yanzu ana lissafawa da ni,
Taubashinki

*

Zuwa ga Likitan Duwatsu, sarkin zargi,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba gwiwa lafiya, amma bakin nan naka na ga ba abin da ya same shi. Mu ma muna nan lafiya, sai ciwon baya da ke damun Auta saboda zaman mota.

Kai dai ba za ka canza ba. Lokacin da baiwar Allah ta rasu ina kwance da karayar ƙugu, sai an ɗaga ni an kwantar. Na aika maka da ta’aziyya ta bakin ƙanin matarka. In bai isar ba, shi za ka tuhuma.

Man kuma ni na shafa. Na wanke su da sabulu, na shanya, na goga musu basilin ɗaya bayan ɗaya. Yaushe aka taɓa aika wa babba, mai ilimi kuma, abu da ƙasa a jikinsa? Na so in girmama ka, ashe laifi na yi. Nan gaba da taɓo zan aiko maka, ya fi dacewa da kai.

Ka ce in faɗa ɓaro-ɓaro. Ba na son a sare itatuwan nan. Ni da marigayi muka dasa su, da tulu muka yi ta ba su ruwa har suka kama. Da su nake ci, da su nake sayen magani, ba na roƙon kowa. Amma Auta ya gaji da hanya, ga mata ga yara, kullum yana cewa a kan titi zai mutu. Shi kuma Mai Inji kusan kullum sai ya zo. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, gaisuwar har ta fara ba ni tsoro. Jiya ya ce mini, “Mama, kina zaune a kan arziki kina sayar da lemo?” Na ce masa, “Lemon ne dai ya biya wa abokinka Auta kuɗin makaranta.” Ya yi dariya, Auta bai yi ba.

In ka ce akwai zinare, zan haƙura in kau da kai a sare. In ka ce babu, ina da abin da zan tare su da shi. Iliminka nake nema.

Na je da guduma kamar yadda ka ce. Matan maƙwabta sun tsaya a bakin kwazazzabo suna ta dariya, wai tsohuwa ta koma fasa dutse. Na fasa babban yatsana kafin in fasa dutsen. Ga su nan, babu sabulu, babu mai.

Taubashiyarka

*

Taubashiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan yatsan ya warke. Ƙanin matata bai isar da komai ba, amma shi dama ko sallama sai an roƙe shi. Na bar maganar a nan, ban ce na yarda ba.

Wannan karon kin yi aiki. Na share teburin, na ɗauko gilashin ƙara girma da na fito da shi daga ofis, da ƙusa, da ɓallin gilashin taga, na aro guduma wurin mai walda. Ya tambaye ni ko gini zan fara, na ce kabarinsa zan tona.

Abu uku ne a jikin dutsenki, kuma su ne a yawancin duwatsun da kika taɓa takawa.

Na farko, mai kama da ƙanƙara, fari-fari, haske yana ɗan ratsa shi. Sunansa kwaz. Ƙusa ba ta kama shi, shi kuwa yana karce gilashi. In ya fashe ba ya bin layi, kamar kwalba yake fashewa.

Na biyu, mai launin ɗanyen nama da ya kwana a ruwa. Shi ne felsfa, kuma shi ya fi yawa. In kika juya shi a rana za ki ga fuska shimfiɗaɗɗiya ta yi walƙiya sau ɗaya ta ɗauke, domin shi a kan layi yake tsagewa.

Na uku shi ne ya hana Autanki barci. Maika. A cikin zuciyar dutsen baƙi ne, amma in ruwa da rana suka daɗe suna cin sa, sai ya koma ruwan zinare. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ki gwada da kanki: ki sa farce ki ɓanɓaro ƙyallin, zai tashi falle-falle kamar ɓawon albasa. Ki murza shi a kan wani abu mai tauri, zai zama gari. Ki zuba a kofin ruwa ki juya, zai yi ta yawo. Zinare ba ya ɓarewa, ba ya zama gari. In an buga shi baje wa yake yi, in an sa shi a ruwa kuma ba ya tsayawa gaisawa da kowa, ƙasa yake nufa. Na daka wani sashe na wanke a faranti, ban ga ko ƙwayar da ta zauna ba.

A taƙaice, dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini ne. Babu zinare a abin da kika aiko.

Da a ce ofishinmu yana nan, da na yanka shi siriri na duba a ƙarƙashin na’ura. Amma an rufe shi, an sayar da na’urorin a matsayin tsohon ƙarfe. Duwatsun da muka yi rabin rayuwarmu muna tarawa, kowanne da lambarsa, an kwashe su a baro an cike kududdufin bakin ƙofa da su. Ina tsaye aka yi. Wannan ita ce darajar abin da na karanta, don haka ban sa rai za a saurare ni ba.

Kowane dutse na raba shi biyu, kamar yadda aka saba. Ga rabi na mayar miki. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ba zai bar hannuna ba. Kada a bari kowa ya sa diga a gonar nan.

Taubashinki

*

Taubashi,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Wannan ce takarda ta uku da na aiko tun bayan taka, shiru kake ji. Ni ƙafa ta kumbura, amma ba ita ta dame ni ba.

Ranar da amsarka ta zo na yi murna har na yi sadaka. Na tara Auta da Mai Inji a tsakar gida na karanta musu. Na ɓanɓaro ƙyallin da farce a gabansu, na murza a bayan turmi, ya zama gari kamar yadda ka ce. Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai Mai Inji ya ɗaga ƙunshin, ya jinjina shi a hannu, ya ce, “Mama, haka nauyinsa yake da kika aika?” Na ce a’a, ai ya ce ya riƙe rabi. Ya ce in sake karanta wurin. Na karanta: ba zai bar hannuna ba. Ya kalli Auta ya ce, “Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin wanda ya ɓoye tsakuwa?” Na ce to ga shi dai ya zama gari a gabanku. Ya ce, “Ƙaiƙayin ya dawo miki da shi, tsabar tana wurinsa.”

Na kore shi ranar. Amma Auta ya aika abokinsa ɗakinka, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai walda ya ce masa ka yi tafiya, bai san ranar dawowarka ba. Kai da gwiwa ba ta kai ka bakin titi, ina ka tafi?

Ni ban ce ka yi wani abu ba. Amma me za ka yi da rabin tsakuwa? Kuma in babu komai, don me ka ce kada a sa diga? Ka ba ni amsar da zan ba su, bakina ya fara ƙarewa. Auta ya ce shi ma zai haɗo tasa takardar da tawa. Ban karanta ba, in ya yi rashin kunya ka yi haƙuri.

Taubashiyarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya a duk inda kake.

Ni ba mai dogon karatu ba ne, amma na yi shekaru ina ɗaukar kaya. In na ɗauki buhu cikakke na kai shi rabi, sunana ɓarawo, ko da me na ce yana ciki. Mun ba ka amana saboda kai babba ne. Ka ce babu komai, ka riƙe rabi, ka hana mu taɓa wurin, ka kulle ɗaki ka ɓace. Ko yaro aka ba wannan lissafin zai haɗa.

An gaya mana yadda masu ilimi suke yi. Sai su kai dutse babban ofis, a yi musu takarda da sunansu, ranar da za su dawo da ’yan sanda za su dawo. Kawu, shekara nawa ba ka taka gonar nan ba? Mahaifiyata ce ta riƙe ta. In rabonka kake so, ka zo a zauna a raba a gaban dangi. Amma kada a mayar da mu wawaye don ba mu san sunayen duwatsu ba.

Ɗanka, Auta

*

Taubashiya,

Sallama. Ga labarin lafiyar da kike tambaya. Fitsari ne ya toshe mini, mai walda ya ɗauke ni a bayan babur ya kai ni asibiti, aka yanka ni. Can na yi ta kwanciya da roba a jikina, a ɗakin da mutum goma sha ke tari a lokaci guda. Wannan ce tafiyar. Ni na ce masa kada ya gaya wa kowa inda nake, domin ban ga wanda zai zo ba, kuma ba na son a zo don kunya. Na dawo na tarar da takardunku a ƙarƙashin ƙofa, ɓera ya ɗanɗana ta Auta ya bar sauran. Ya fi ni hankali.

Ɓarawo. Na gode. Wannan ne kaɗai muƙamin da ban riƙe ba a rayuwata.

Ki saurara, ko da yake na san ba ke kike buƙatar ji ba. Duk wanda ya koyi aikin nan, abu na farko da ake buga masa a ka shi ne: ba ka bayar da hukunci a kan dutse ka sake shi gaba ɗaya. Kana riƙe rabi. In gobe wani ya zo da wani dutse daban ya ce ga abin da ka duba ka ce babu komai, sai ka ɗauko naka rabin a haɗa bakinsu a gani. Shaida ce. Saboda irin Mai Injinku aka ƙirƙiro wannan ƙa’ida. Ban yi bayani ba don ban taɓa zaton akwai wanda zai ga tsakuwa a hannun tsoho ya yi kishi ba. Na ce kada a sa diga don kada a kashe miki itatuwa a banza.

Ga ragowar duwatsun nan na haɗo, duka. Ku haɗa su da naku ku gani in akwai abin da ya ɓace. Karo na farko ke nan da na karya wannan ƙa’ida, kuma a kan ku.

Tunda Auta yana son rabo, ga rabo. A yanka gonar. Kwazazzabon da duk dutsen da ke ciki ya zama nawa, ni kuma na ba shi kyauta, duniya da lahira. Ya haƙa har ya ɓullo ta wancan gefen duniya. Wajen itatuwa ya zama naki ke kaɗai. Ban riƙe ko taku ɗaya ba. Sai a nemo wani abin da za a zarge ni da shi.

Taubashinki

*

Taubashi,

Innalillahi. Sannu, sannu da jiki. Wallahi na yi kuka da na karanta, na kuma ji haushinka. Mutum ya kwanta a yanka shi, ya ɓoye wa dangi, sannan ya ce ba a zuwa. Allah ya ƙara sauƙi, ka riƙa shan ruwa da yawa.

Amma ka ƙara jiƙa mini aiki.

Duwatsun da ka dawo da su, mun haɗa, sun haɗu tsaf. Mai Inji ya ce ai mai ilimi ba zai gagara cire abin da yake so ya mayar da baki ya haɗu ba. Wannan ma da sauƙi. Kyautar ce ta ɓata komai. Ya sa Auta ya maimaita masa ita, sannan ya tafa hannu ya ce, “Shi ke nan, ya tona kansa. Wanda ya ba ka kwazazzabo kyauta ya san babu komai a ciki. Ƙyallin da muka gani wutsiya ce. Jijiyar ta bi ta ƙarƙashin itatuwa, shi ya sa ya raba ku da wurin, ya bar shi a hannun tsohuwa. In ta kwanta dama sai ya dawo.” A gabana ya faɗi haka, ko kunya.

Na ce, “Ni ce tsohuwar, kuma ban kwanta ba tukuna.” Auta ya ce, “Inna, ke ba ki san mutanen nan ba.” Na ce na san wannan tun yana yawo ba wando. Bai ji ba. Ya je ya tara baffanninsa, kowa ya ji ƙanshin zinare, duk sun goya masa baya. Har wanda bai taɓa kawo mini ko tsinke ba ya zo yana ba ni haƙuri, wai ci gaba ne.

Shekaranjiya suka zo da jan fenti suka shafa wa itatuwan, har da babban mangwaron da ke kusa da rijiya. Sun ce za su jira mai zarto ya gama wani aiki, sai ya zo. ’Ya’yan sun fara nuna, ko jiran a tsinke ba za su yi ba.

Na san gaskiya kake faɗa. Amma duk gaskiyar da ka aiko, itace guda take ci mini. Ka yi wani abu, ko ka yi shiru.

Taubashiyarka

*

Auta,

Na samu takardarka tun tuni. Lafiyata ba ta shafe ka ba, ba zan ɓata tawada a kanta ba.

Kyautar da na ce na yi maka ta kwazazzabo, na janye. Na rubuta ta ina cikin zafin ciwo, kaina bai dawo daidai ba, kuma ba a yi ta a gaban shaidu ba. Yanzu na warware, na sake tunani.

Kwazazzabon nawa ne, daga inda ruwa ya fara yankewa har zuwa iyakar gona, da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Kada ka taɓa shi. Kada Mai Inji ya kusance shi. Ko tsakuwa ɗaya aka ɗauka a wurin, zan sani, domin na san yadda yake daga takardun mahaifiyarka. Kada ka tambaye ni dalili, ba dole ne in yi wa yaro kamarka bayani ba.

Itatuwan kuma ba ruwana da su. Ku sare, ku yi gawayi, ku haƙa ƙarƙashinsu har ku gaji. Hasali ma na fi son ku fara ta can, zai ɗauke ku lokaci.

Da zarar likita ya yarda in hau mota, zan zo da mutanena da takardu. Ina son in tarar da wurin yadda yake.

Kawunka

*

Taubashi,

Gaisuwa da fatan ɗinkin ya kame. Ni kumburin ƙafar ya sace, har ina zuwa gona kullum.

Auta ya karanta takardarka a tsaye, ya sake karantawa a zaune, ya fita da gudu ko takalmi bai sa daidai ba. Kashegari da sassafe inji yana cikin kwazazzabo. An aika wa mai zarto cewa ya sha zamansa. Mai Inji yana ta cewa, “Ban gaya muku ba? Ciwo ne ya sa ya yi kyauta, da ya warke ya tuna. Mu riga shi.” Ya manta sarai da jijiyar da ya ce ta bi ƙarƙashin itatuwa, ni kuma ban tuna masa ba.

Suna can har yanzu. Dutsen ya karya wa injin haƙori, an ɗaure, ya sake karyewa. Suna daka, suna wankewa, ƙyallin yana bin ruwa yana tafiya, su ce ai sai an yi zurfi. Ni kuma na tsinke mangwarona, masu saye sun zo sun kwashe, lemo ma ya kusa. Jan fentin yana nan a jikinsu, na bar shi.

Sunanka kuwa ya gama lalacewa. A gidan suna, a gidan makoki, kai ake ci. Wai boko ya cinye maka imani, wai ka yi kyauta ka lashe amanka. Baffan Auta ya ce ko gawarka aka kawo sai ya yi shawara. Ina zaune ina ji, abin yana ci mini rai.

Na san ka. Kai da ka bar wa ƙannenka gidan mahaifinku ba ka ɗauki ko kujera ba, ba yau za ka fara kwaɗayin rami ba. Na gane da gangan ka yi, ka ja su can don su bar mini nan. Amma zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Jiya ina tsaye a bakin ramin, rana ta bugi dutsen, ya yi wani irin ƙyalli, sai na ji zuciyata ta ce: in kuma da gaske yake fa? In ni ma yana wasa da hankalina? Na yi istigfari, amma tunanin ya zo.

Kuma ɗana ne a cikin ramin nan. Ya ajiye mota, hannunsa duk ya farfashe. Don Allah ka gaya mini, ni kaɗai: akwai ko babu? Kuma in ka yarda, in fito in wanke ka a gaban dangi.

Taubashiyarka

*

Taubashiya,

Ɗinkin ya kame. Ina iya zuwa bakin titi in dawo.

Babu. Kwaz ne da felsfa da maika, yau da gobe da ranar da za a tashi duniya. Ban taɓa yi wa dutse ƙarya ba, ko a takardar Auta ki duba, ban ce akwai ba. Na ce nawa ne kawai, sauran su suka ƙarasa da kansu. Ban ji haushin tunanin da ya zo miki ba. Na faɗi gaskiya sau biyu an kira ni ɓarawo, na yi haɗama sau ɗaya kowa ya gaskata ni. Ke ma mutum ce.

Auta zai yi asarar damina guda da fatar hannu. Mai Inji zai gudu ranar da man injinsa ya fi ƙarfinsa, ba zai yi sallama ba. Yaron zai koma mota yana jin haushina, kuma gara ya ji haushina da ya ji naki. Mangwaro kuwa in aka sare shi, sai jikokinki ne za su ga inuwar madadinsa.

Kada ki wanke ni. Ba na zuwa suna, ba na zuwa biki, sunan da suke ɓatawa ba inda zan je da shi. In sun tambaya, ki ce ina nan tafe, likita ne ya riƙe ni. In sun fara sanyi, ki ce kin ji ina neman lauya.

Muddin suna zagina, suna cikin rami. Ranar da kika ji wani a cikinsu ya ce ashe Kawu mutumin kirki ne, ki bar duk abin da kike yi, ki je ki tsaya a gindin itatuwanki.

Taubashinki